Kifin gilashi ne suka sa na auna ruwan famfonmu

Ƙanina ne ya kawo min akwatin gilashin a hunturun bara, lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Legas. Daga Kano ya ɗauko shi a bayan wata ƙaramar mota, an nannaɗe shi da bargo, kifayen kuma suna cikin bokiti mai murfi. Tsawonsa santimita 90, faɗinsa 30, tsayinsa 40, in an cika shi yana cin lita ɗari da 'yan kai. Akwai kifin zinariya huɗu, da wasu baƙaƙe wuluk da ake kira moli guda shida, sai 'yan mitsi-mitsi masu jelar ado da ake ce wa gupi, waɗanda ba su ƙirguwa don ba sa tsayawa wuri ɗaya. Da muka gama haɗa shi a falo, ya jona 'yar na'urar hura iska a batirin sola, ya ce, "Yaya, abu uku ne kawai. Kar a cika musu abinci, kar a kashe iskar nan, sannan duk sati ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka zuba sabo." Na ce in sha Allahu, kuma na riƙe ukun.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, a yankin da ruwan Tiga ke ratsawa ta kanal. Tun da aka gama dam ɗin a 1974 ƙasarmu ba ta san hutu ba. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa da masara, kuma duk wanda ya shuka sai ya zuba taki. Ruwa a kusa yake da mu. Shi ya sa shekarun baya da masu haƙar hannu suka shigo gari, gidaje da yawa suka yi 'yar burtsatse a tsakar gida. Tamu fayif biyar aka sa aka tarar da ruwa, aka zura sumo, aka ɗora tanki a kan ƙarfe, aka ja famfo zuwa madafi da banɗaki. Ruwan garai-garai yake, ba wari, ba ɗanɗano, ba ya barin ja a tukunya. Baƙi ma yaba shi suke yi. Da shi muke sha, da shi muke girki, da shi na riƙa canza wa kifayen ruwa.

Watan Janairu da Fabrairu lafiya lau. Gupi suka haihu, yaran unguwa suka mai da falonmu wurin kallo bayan Islamiyya. Da zafi ya fara shigowa a Maris sai abu ya sauya. Gansakuka ta fara rufe gilashin, in na goge yau, jibi ta dawo. 'Ya'yan gupi suka riƙa mutuwa kafin su yi sati biyu. Moli suka daina zagaye, sai su manne fikafikansu a jiki su tsaya wuri ɗaya suna karkarwa. Babban kifin zinariyar, wanda da shi ne kan fara tarbar abinci, ya koma ƙasa ya kwanta kan tsakuwa. 'Yata mai shekara bakwai ita ce ta ɗaukar wa kanta aikin duba su da asuba. Takan zo da tsohuwar rariyar shayi ta tsamo wanda ya mutu, ta kai shi gindin zogale ta tona rami da cokali. Wata safiya ta tsamo uku, ta zo ta tsaya gabana da rariyar tana ɗigar ruwa, ta ce, "Abba, yunwa ce ko ƙishirwa?" Ban sami abin ce mata ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, domin amana aka bar min.

Abin da na sani kawai na ƙara yi. Canjin ruwa ya koma sau biyu a sati, daga kashi ɗaya cikin huɗu na kai shi rabi. Na wanke tsakuwa, na rage abinci. Babu sauƙi. Sai na kira ƙanina na gaya masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ruwa ba ya tsami banza. Zan aiko maka da abin awo ta tasha, kar ka ƙara taɓa komai sai ya iso."

Farkon Afrilu saƙon ya iso. Ɗan kwali ne, a ciki akwai ƙananan kwalaben magani masu ɗigo, da siraran kwalabe na gilashi masu zane a daidai mililita 5, da kati mai launuka, duk don auna sinadarai uku da ƙazantar kifi ke bari a ruwa. Na auna amoniya, babu. Na auna naitirait, babu. Na zo kan naitiret, wanda shi kwalba biyu gare shi. Na ɗiga goma daga ta farko, goma daga ta biyu, na jira, ruwan ya yi ruwan ɗorawa mai ɗan duhu. Na ɗauki hoto na tura masa ina murna. Nan take ya kira ya ce, "Ka girgiza kwalba ta biyu?" Na ce na ɗan kaɗa ta. Ya ce a'a, akwai gari a cikinta da ke kwanciya a ƙasa, sai an girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa talatin, har a ɗan bubbuga gindinta a tebur, sannan bayan an ɗiga a rufe siririyar kwalbar a girgiza ta minti ɗaya cur, a ajiye minti biyar. Na sake yi yadda ya ce, na kafa agogon waya. Ina kallo ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro, daga nan ya yi ja, ya ci gaba da duhu har ya zama kamar zoɓon da ba a sirka ba. Katin yana da matakai bakwai: 0, 5, 10, 20, 40, 80, 160, duk miligiram a kowace lita. Na kai kwalbar bakin taga na kara ta da farin katin. Ta wuce 80, tana neman 160.

Ya ce, "To yanzu auna na famfo." Na ce masa na famfo ai shi muke sha. Ya ce, "Don Allah, Yaya, ka auna." Na tara daga famfon madafi, na bi ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar na cika, kwalbar ta yi ja. Bai kai na akwatin duhu ba, amma ja ne sosai, tsakanin 40 da 80. Na sake har sau biyu da sabuwar kwalba. Bai sauya ba.

A daren ne na zauna na fahimci abin da ke faruwa a cikin gilashin. Kashin kifi da numfashinsa da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce mai saurin kisa. Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune a cikin soson tace ruwa da iskar na'urar ke bi da kuma jikin tsakuwa, su ne ke mai da amoniya naitirait, wasu kuma su mai da naitirait naitiret. Nan tafiyar ke tsayawa. Naitiret bai kai na farkon biyu haɗari ba, amma ba ya tashi ya bi iska, taruwa yake yi kullum, kuma in ya yi yawa ya daɗe sai ya raunana kifi, 'ya'ya su kasa rayuwa, gansakuka kuma ta sami abinci. Masu kiwon irin waɗannan kifaye suna son ya zauna ƙasa da 40, in da hali wajen 20. Hikimar canjin ruwa ita ce a kwashe mai naitiret a zuba marar shi. Ni kuwa lissafi nake koyarwa a ƙaramar sakandare, don haka na ɗauki biro. In akwatin yana kan 100, na kwashe rabi na zuba ruwan da ke kan 60, zai koma 80. In na maimaita gobe, 70. Ko sau dubu zan yi ba zai taɓa sauka ƙasa da 60 ba, alhali kifaye suna ƙara nasu dare da rana. Ga kuma abin da ya fi ci min rai: a zafin Maris da Afrilu ruwan akwatin yakan ragu da kusan yatsa biyu cikin kwana uku, ni kuma in cike gurbin da na famfo. Ruwa ne kaɗai ke tashi, naitiret ɗin yana nan, kamar yadda miya ke ƙara gishiri in ta daɗe a wuta. Duk cikon da na yi ƙari na yi.

Ranar Asabar na ɗauki robobin ruwa da na wanke, na hau babur na zaga gari. Tsohuwar rijiyar gidan Baffa, wadda ke dab da turken shanu, ta fi ta kowa ja. Burtsatsen maƙwabta biyu irin tamu, masu gajeren zurfi, launinsu ɗaya da namu. Ruwan kanal bai yi ja sosai ba, amma ban ko yi tunanin kai shi wa kifi ba, domin na san abin da ake wankewa a ciki bayan feshi. Sai babbar burtsatse mai sola da ke bakin kasuwa, wadda aka haƙa da injin mota aka fasa dutse: ita ruwan goro mai haske ta bayar, wajen 10. Na sayi fiya wata iri uku. Ɗaya ya tsaya a ruwan ɗorawa, wato babu komai, biyu kuma suka nuna kusan 20. Ledar ba ta gaya maka wanne ne wanne, sai awo.

Da Baffa ya ga kwalbar rijiyarsa, ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, wannan jan daga ina?" Haka yake kirana tun da na fara koyarwa. Na ce, "Baffa, taki ne." Na yi masa bayani da abin da ya fi ni sani. Buhun yuriya kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne, kuma shuka ba ta cinye duk abin da aka watsa mata. Ragowar a cikin ƙasa yake zama naitiret, shi kuwa ƙasa ba ta riƙe shi, ruwa na zuwa sai ya narke ya bi shi ƙasa. Mu kuma ga ban-ruwa rani da damina. Fitsarin shanu da kashinsu a turke hanya ɗaya suke bi, haka ma masai. Baffa ya gyaɗa kai ya ce shi ya daɗe da lura in aka cika ruwa a fadama bayan zuba taki, shinkafar ba ta yin kore yadda ya kamata, ashe tafiya takin ke yi. Da na dawo gida na taka daga bakin masanmu zuwa kan burtsatse. Taku goma sha biyu. Ma'aikatan lafiya mita 30 suke cewa a bari tsakani. Ranar da aka haƙa ta ina tsaye a wurin, ni na nuna inda za a haƙa, don ya fi kusa da madafi.

Na gwada dabarun gida duka, kowanne da awo kafin da bayan. Na bar ruwa ya kwana biyu a rana, babu canji, domin wannan dabarar ta 'yan birni ce masu fama da kulorin na ruwan gwamnati. Alam ya kwantar da abin da zai kwantar, jan yana nan. Gawayi haka, dakakken ƙwallon zogale haka. Wani dattijo ya ce in jefa 'yar kanwa, na ba shi haƙuri, don kanwa sauya ruwan za ta yi gaba ɗaya ta ƙara wa amoniya dafi. Na ƙarshe shi ne tafasawa. Na cika tukunya, na bar ta ta yi ta tafasa har ruwan ya ragu sosai, ya huce, na auna. Ya fi na famfo ja.

Ina riƙe da wannan kwalbar sai gabana ya faɗi. A lokacin matata tana da jego, jaririnmu bai cika wata biyu ba. Inna kuwa, Allah ya saka mata da alheri, kullum da safe takan tafasa ruwa a 'yar buta ta juye a filas, in zafi ya tsananta ta ɗiɗɗiga wa yaron da cokali, tana cewa wannan rana ko babba ya ji ta balle jinjiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha miligiram 50 a lita, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da aka fitar a 2007 ita ma 50 ta ce. Saboda jarirai aka sa wannan iyaka. A cikin jaririn da bai kai wata shida ba naitiret yana saurin komawa naitirait, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata, har leɓɓa da farce su yi duhu.

Abin awona na kifi ne, ido ne ke yanke hukunci tsakanin ja da ja. Don haka ranar Litinin na ɗebi ruwa a sabuwar roba na kai wa wani abokin karatuna da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Kano. Bayan kwana biyu ya turo min hoton takarda, na ga an rubuta 14. Na yi hamdala, na kira shi ina cewa ashe ƙasa da 50 ne nesa ba kusa ba. Ya ce, "Mutumina, duba abin da ke gaban lambar." Akwai harafin N, wato naitirojin. Ya ce ma'auni biyu ne ake amfani da su. Wasu nauyin naitirojin ɗin da ke cikin naitiret kawai suke rubutawa, kamar yadda Amurka ke yi, inda iyakarsu 10 ce. In kana son ka kwatanta da 50 ɗin sai ka ninka da 4.4. Na ninka, ya ba ni kusan 62. Ya ƙara da cewa in dai masai na da hannu a ciki, ba naitiret kaɗai ke ratsowa ba, ƙwayoyin cuta ma suna iya biyo sawu.

Magana da Inna ta fi min komai nauyi. Ba a gaya wa uwar da ta raini 'ya'ya takwas cewa abin da take yi da ƙauna zai iya cutarwa. Bayan la'asar na same ta a ɗakinta na durƙusa, na ajiye kwalabe biyu a gabanta, ɗaya ta famfo, ɗaya ta ruwan filas ɗinta. Na ce, "Inna, ki duba min, wacce ta fi ja?" Ta ɗaga su saitin ƙofa ta nuna ta filas. Na ce, "Wannan ita ce wadda aka dafa. Wuta na kashe ƙwayar cuta, amma wannan abin taki ne, wuta ƙara masa ƙarfi take yi." Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Mu da muka sha ruwan rijiya muka girma fa?" Na ce, "Lokacinku ba a zuba wa ƙasar nan buhu-buhu sau biyu a shekara, kuma gidajen ba su matsu haka ba." Matata da ke bakin ƙofa ta ce a hankali, "Inna, a asibiti ma ranar awo sun ce nono kaɗai ya ishe shi har wata shida, ko da zafi." Inna ta miƙo min filas ɗin ta ce, "Zubar. Allah ya raya mana shi." Daga ranar muka yi magana da wani mai garuwa yana kawo mana jarkoki daga burtsatsen bakin kasuwa don sha da girki. Na famfo ya koma na wanka da wanki da wanke-wanke, waɗanda ba ya cutarwa a cikinsu.

Sai na dawo kan kifaye. Ƙanina ya ambaci na'urar da ake kira RO, mai matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata har ya bar kusan duk abin da ya narke a ciki a baya. Tana aiki, irinta ce masu fiya wata na kirki ke sawa, amma tana son wuta da matsin ruwa, tana zubar da ruwa da yawa, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin albashina. Akwai kuma wasu 'ya'yan roba kamar ƙwayar gero da ke kama naitiret, in sun ƙoshi a jiƙa su a ruwan gishiri su sake aiki. Su ma sai an aiko daga nesa. Na ajiye su duka, na duba abin da ke kusa da ni.

Na fara da rage baki. Kifin zinariya ci gare su da kashi, huɗu sun yi wa lita ɗari yawa, ga sauran. Na ba wani malami abokin aikina uku, shi yana da kwarmin siminti a gidansa. Abinci ya koma sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma na ɓoye gwangwanin, domin na gano yara na jefa musu burodi in ba na nan. Canjin ruwa kuma ya koma da na bakin kasuwa, amma kaɗan-kaɗan, lita goma duk bayan kwana biyu, don kifin da ya saba da mummunan ruwa in aka sauya masa lokaci ɗaya, ko da zuwa mai kyau ne, yana iya tafiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan tafiya ita ce kainuwa. Kainuwa dashen Allah, wadda muka taso muna gani a kududdufi ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Saiwarta a ruwa take reto, ba ta da ƙasar da za ta ci, don haka duk abincinta daga ruwan take zuƙa, kuma naitirojin ne babban abin da take nema. Na je kududdufin bayan gari da safar hannu ta roba, saboda tsargiya daga katantanwar irin wannan ruwa ake ɗaukarta. Na ɗebo ƙanana guda goma, na wanke saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. A jikin ɗaya na ciro matsattsaku, a wata kuma tsutsar mazari, wadda ke cin 'ya'yan kifi. Na ajiye su a baho sati biyu ina canza musu ruwa ina tsince ƙwan katantanwa, sannan na sa biyar a akwatin. Na cire murfin gilashin don ba ta son raɓar da ke ɗigo mata a ka, na matsar da akwatin kusa da taga inda haske ke shigowa ba rana kai tsaye ba. Cikin kwana goma ta fara jefo 'ya'ya ta gefe. Saiwoyin suka sauko kamar gemu, 'ya'yan gupi suka sami maɓoya. Sirrinta shi ne sai ana kwashewa. In ta rufe fuskar ruwan ta fara ruɓewa, abin da ta ci ta mayar. Duk Juma'a nakan cire rabi in kai gindin zogale.

Na haɗa mata da dankali. Na yanko yaɗo huɗu daga gonar maƙwabci, na tsige ganyen ƙasa, na tsoma gindin a ruwa na ɗaure da zare a bakin gilashin. Kwana huɗu fararen saiwoyi suka fito, yanzu yaɗon ya hau ƙarfen taga har ya kai labule. Ragowar kainuwar da ke baho kuma ta koya min wani abu: in na cika bahon da ruwan famfo na bar shi a inuwar darbejiya sati biyu, jan yakan sauko zuwa ruwan goro. Sai dai sauro na son wurin. Matata ta kawo tsohon gidan sauro a rufe, har na karɓa sai na tuna mai magani ne, kuma maganin da ke jikinsa ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi. Ragar taga na saya. Saboda wannan dalilin ne ma aka daina fesa maganin sauro da kunna igiyarsa a falo.

Kuskure mafi zafi a watan Yuni na yi shi. Ruwan sama na farko mai ƙarfi ya sauko da daddare, na fito da bokitai na tara a indararo. Da safe na auna, ruwan ɗorawa tsantsa, babu naitiret ko kaɗan. Farin ciki ya sa na manta da sannu-sannun da na yi wata biyu ina bi. Na kwashe fiye da rabin akwatin na juye ruwan sama zalla. Kafin azahar moli suka fara karkarwa, da asuba 'yata ta tsamo uku. Ruwan sama ba shi da sinadaran dutse da ruwan ƙasa ke ɗauke da su, waɗanda ke hana ruwa yin tsami farat ɗaya, moli da gupi kuwa kifayen ruwa mai nauyi ne. Ga shi kuma ruwan farko ne, ya wanko ƙurar wata takwas da kashin tsuntsaye daga tsohon kwano, shi kansa kwanon yana sakin tutiya, wadda kifi ba ya jurewa. Wannan karon ba famfo ba ne, hannuna ne. Na taya ta tona ramin.

Daga nan na sauya tsari. Na sayi sabuwar leda mai kauri, in hadari ya haɗo sai mu ɗaure kusurwoyinta huɗu a tsakar gida, tsakiyarta ta lotsa zuwa bakin durom. Durom ɗin ma sai da na tabbatar na kayan abinci ne, don yawancin waɗanda ke yawo a garinmu an taɓa dama maganin ciyawa a ciki. Kuma na daina zuba ruwan sama shi kaɗai. Kashi biyu na sama, kashi ɗaya na famfo: 62 a raba uku ya zama wajen 20, kuma na famfon ya kawo nauyin da na sama ya rasa. Na wanke ɓawon ƙwai na daka shi sama-sama, na ɗaure a tsohuwar safa na ajiye bayan soso, yana narkewa a hankali. Nakan haɗa ruwan tun dare a jarka ya kwana a falo, don sanyinsa ya zo ɗaya da na akwatin. Wanda na kwashe kuma ba ya zuwa kwata, alayyahu da yakuwar matata ke shanye shi, kuma sun nuna.

A watan Agusta na cika durom uku, lita 600, na rufe su ruf a inuwa. Canjin lita 25 a sati yana cin kusan lita 17 na ruwan sama, wato za su kai ni sati 35, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba har wajen Yuni. Cikon abin da zafi ya ɗauke kuma da fiya watan nan da ya nuna babu komai nake yi. Jiya Juma'a na auna akwatin kafin canji, ruwan goro ne, tsakanin 10 da 20. Moli ukun da suka rage sun haihu, gupi sun koma ba su ƙirguwa, kifin zinariyar ya dawo tarbar abinci. Rariyar shayin tana rataye a ƙusa, an kwana biyu ba a taɓa ta ba.

Famfon dai yana nan da jansa, har ya ɗan ƙara duhu a ƙarshen damina. Mun yi shawara da Baffa in an sayar da shinkafa za a cike tsohon masan a haƙa sabo can ƙarshen gida, shi kuma ya ce zai matsar da turke. Tun da labari ya bazu, mutane ke zuwa da ruwa a robar lemo. Shekaranjiya bayan magariba wani maƙwabci da matarsa ta haihu kwana tara da suka wuce ya yi sallama, ya miƙo min tasa ya ce, "Malam, a duba mana." Muka zauna a kan tabarma da fitilar waya, na girgiza kwalba ta biyu ina bubbuga ta a dabe, na ɗiga goma, muka jira minti biyar. Ta yi ja. Na kwatanta masa mai garuwar da ke kawo mana, na ce ya gaya wa masu jego kar a dogara da tafasawa. Kwalbar maganin ta kusa ƙarewa, na riga na kira ƙanina ya aiko da biyu.